Kubar Ƙofar Gida da Sauya Mata Mabuɗi

Yau za mu yi magana a kan kubar ƙofar gida. Da yawa daga cikinmu mazauna ƙasashen waje a gidajen haya muke, kuma duk wanda ya tare a sabon gida bai san ko mutum nawa ne suka riƙe mabuɗinsa kafin shi ba.

Bari mu fara da yadda kuba take aiki. Irin wadda aka fi gani a ƙofofi yau, mai ƙaramin mabuɗi shafaffe, wani Ba'amurke ne mai suna Linus Yale ƙarami ya yi mata rajista a 1861, ya kuma kyautata ta a 1865. A cikinta akwai wani ƙarfe mulmulalle wanda ake zura wa mabuɗi, a kansa an huda ramuka biyar ko shida. Kowane rami yana da 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sifirin da yake danna su ƙasa. Muddin babu mabuɗi, ƙusoshin sama suna tokare ƙarfen nan, ba ya juyawa. In aka sa mabuɗin gaskiya, haƙoransa sai su ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, mahaɗarsu duka ta zo layi ɗaya, ƙarfen ya juya, ƙofa ta buɗe. In ramuka biyar ne, ƙusoshin kuwa tsayinsu iri 10, a lissafi za a sami mabuɗi iri 100,000.

To, daga nan za ku gane yadda ake sauya wa kuba mabuɗi ba tare da an jefar da ita ba. Mai gyaran kuba yakan zare ƙusoshin ƙasa, ya zuba waɗansu masu tsayi dabam, sa'an nan ya yanka sabon mabuɗi daidai da su. Tsohon mabuɗi ya tashi aiki ke nan, ko a hannun wa yake. Yawanci wannan ya fi sayen sabuwa araha. Amma ɗan haya ya nemi iznin mai gida tukuna.

Har wa yau akwai kubar da mai ita yake sauya mata mabuɗi da kansa, kamar SmartKey ta kamfanin Kwikset a Amurka. Za ka sa tsohon mabuɗi ka juya shi kaɗan, ka zura wani ɗan tsinken ƙarfe a wata kafa, ka zare tsohon ka sa sabo, shi ke nan. Sauƙi kam akwai shi. Sai dai a 2013 waɗansu masu bincike sun nuna a wani taro a Amurka cewa ana iya murɗe irin ta lokacin da sukurdireba ta buɗe.

Abin lura a nan shi ne, sauya mabuɗi maganin wanda ke riƙe da tsohon mabuɗinka ne kaɗai. Wanda ya zo da ƙarfi, sai ƙarfin kuba da na ƙofa ne za su tare shi. Saboda haka in za ku zaɓa, kada ku dogara da kuba mai harshe karkatacce wadda take rufe kanta, don ana iya tura harshen baya da wani abu siriri. Ku nemi mai sakata, wadda ba ta motsi sai da mabuɗi, tana shiga firam ɗin ƙofa kamar inci guda. A Ingila ku duba lambar BS 3621 a jikinta, kamfanonin inshora da yawa ita suke nema. A Amurka an kasa kubobi aji uku, aji na 1 shi ya fi ƙarfi. Farantin da sakata take shiga kuwa a ɗaure shi da dogayen ƙusoshi masu murɗi, kamar inci 3, domin sau da yawa katakon ne yake tsagewa kuba tana nan lafiya lau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kuka karɓi mabuɗin gida, ran nan ya kamata ku duba duk waɗannan. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.