Kwamfuta Ta Nemi Kalmar Sirri Alhali Ba Ka Taɓa Komai Ba? Dakata Tukuna

A Bichi da Dambatta da Kunchi da ƙauyukan da ke kewaye da su, kwamfuta ɗaya kan yi wa gari guda aiki. A shago ɗaya ake buga takardar JAMB, a duba sakamakon NECO, a cike fom na neman aiki, a kwafi katin NIN. Bayanan mutane da yawa na kwance a cikinta. Shi ya sa idan ana tsakiyar aiki allo ya dushe, wani akwati ya fito yana neman kalmar sirrin admin, lamarin ya wuce mai shago shi kaɗai.

Shi akwatin ba cuta ba ne. Kamfanin Microsoft ya shigo da shi a Windows Vista a 2007, domin a zamanin Windows XP kusan kowa na aiki da cikakken iko, kowace manhaja na iya sauya abin da ta ga dama ba tare da an tambayi mai kwamfuta ba. Yanzu duk manhajar da za ta taɓa cikin tsarin sai ta nemi izini. Wanda ya shiga da asusun admin za a nuna masa Yes ko No kawai, wanda ya shiga da asusun gama-gari kuwa sai ya sa kalmar sirri. Kalmar nan makullin rumbu ce, wanda ka miƙa wa ita ya samu damar ɗiban abin da ke ciki.

Tambayar farko ita ce: me na taɓa yanzun nan? In kai ka danna shigar da manhajar firinta, akwatin ya biyo baya, babu abin mamaki. In kana rubutu ne kawai, ko ka soka filashin wani ɗalibi, ya fito da kansa, kada ka sa komai. Karanta shi tukuna. Yana nuna sunan manhajar da sunan kamfanin da ya yi ta. Idan an tantance kamfanin, saman akwatin shuɗi ne ko ruwan toka. Idan ba a san mai ita ba, rawaya ne, kuma za a rubuta Unknown. Daga nan danna Show more details, nan ne asiri ke tonuwa, domin zai nuna maka inda manhajar ke zaune. Wadda ke cikin Program Files ko System32 galibi 'yar gida ce. Wadda ta taso daga Downloads, ko Temp, ko daga kan filashi, ga shi ba kai ka kira ta ba, danna No. Ƙin ba da izini ba ya lalata kwamfuta, in manhajar gaskiya ce za ta sake nema.

Akwai kuma na jabu. Akwatin gaskiya yana dusar da allon duka, ba za ka iya danna wani wuri ba sai ka ba shi amsa. Na ƙarya kan fito a cikin shafin intanet, in ka rufe Chrome ya tafi da shi. Masu Mac ma ba su tsira ba: a 2023 aka gano wata muguwar manhaja mai suna Atomic Stealer, wadda ke nuna akwatin jabu ta karɓe kalmar sirri ta kwashe abin da aka adana.

Idan akwatin yana dawowa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wani abu ne ke tashi tare da ita. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka duba jerin Startup, sannan ka leƙa Task Scheduler ka nemi sunan da ka gani a akwatin. Sau da yawa manhajar sabunta wani abu ce da ta maƙale. Wani lokacin kuma ragowar manhajojin sata ne irin su KMSPico, waɗanda ake lodawa a laftof ɗin tokumbo kafin ta bar kasuwa a birni. Wanda ya saya bai san da zamansu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin da wasu masu gyara ke bayarwa: su kashe akwatin gaba ɗaya, su ce ai an huta. Manhajar da ke neman izinin ba ta tafi ko'ina ba, an dai daina tambayarka ne. Kada ka yarda. Mai shago ya buɗe wa yaransa asusun gama-gari, kalmar admin ta tsaya a wurinsa shi kaɗai.

In har ka riga ka sa kalmar a akwatin da ba ka yarda da shi ba, cire kwamfutar daga intanet, ka canza kalmar, ka sa Windows Security ta bincike ta sarai. Kalmomin sirrin imel da na banki da aka taɓa shigarwa a kanta, a canza su daga wayar salula. Masu Windows 10 su ƙara kula, domin tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum.