Allurar maye da ciwon ƙyauren zuciya

Kowa a Damagaram ya san ƙwayar tramol, wadda samari ke sha wai don su jure wa aiki. To, akwai waɗanda suka wuce shan ƙwaya, suka koma tsira wa kansu allurar maye a jijiya. Wani bincike da aka fitar a Najeriya a 2019 ya ƙiyasta masu yin haka a can sun kai mutum 80,000. Mu kuwa, hanyar Kano ba ta rabuwa da ƴaƴanmu ƴan ci-rani.

Zuciyar ɗan Adam tana da ƙyaure huɗu. Suna buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. A fatar mutum, ko mai lafiya ne, akan sami wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci na ce mata stafilokok. A waje ba ta cika yin ɓarna ba. Amma in allura ta huda fata ba a wanke wurin ba, sai ta tura ta cikin jini. Ko sabuwar allura ce, haka ne, balle wadda mutum uku suka yi karo-karo da ita, ko ƙwayar da aka jiƙa da ruwan randa.

Jinin jijiya ɓangaren dama na zuciya yake fara isa. Nan cutar ke laƙewa a jikin ƙyaure, ta yi tsiro, tana cin sa. Gutsattsarin tsiron kan ɓalle su faɗa huhu. Sai masassara ta kama mutum, da zufar dare, da tari, da haki, wani lokaci ƙafafu su kumbura.

Abin takaici, masassarar sauro ake ɗaukar ta. A sha magani, a sake sha, ba sauƙi, zuciya kuwa tana lalacewa. Mai yin allura da masassararsa ta ƙi jin magani, a kai shi babban asibitin Zinder ba da jinkiri ba. Kunya ce, mun sani, amma ya gaya wa likita gaskiya, don a auna jini, a duba zuciya da na'ura.

Maganin yana da nisa: allurar kashe ƙwayar cuta ta jijiya, sati 4 zuwa 6. Wanda ya gudu gida don ya ji dama-dama, ciwon kan dawo masa. In ƙyauren ya riga ya cinye, sai aikin tiyata.