ZAMAN JAMA'A DA WAYAR SALULA A KUDANCIN KADUNA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, watau wajen Barnawa, Narayi, Kakuri, Unguwar Talbijin da Sabon Tasha, zai ga abubuwa biyu da suka yi tsawo bisa rufin gidaje. Na farko su ne tsofaffin bututun hayaƙi na masaƙun Kakuri, waɗanda galibinsu sun daɗe da daina aiki. Na biyu kuwa su ne dogayen turakun ƙarfe na kamfanonin sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. A yau cinikin 'yan kasuwa, da albashin ma'aikata, da zumuncin iyali a wannan yanki duk sun rataya ne a kan waɗannan ƙarafa, don haka ya kamata mai karatu ya san yadda suke aiki, da kuma abin da ke faruwa duk sa'ad da suka tsaya.

KAFIN ZUWAN SALULA

Wannan ɓangare na gari ya taso ne ta dalilin hanyar jirgin ƙasa, domin a nan layin da ya fito daga Fatakwal ta Kafanchan ya haɗu da wanda ya taso daga Legas ya nufi Kano. Daga nan masana'antu suka biyo baya. Masaƙar Kaduna Textiles ta soma aiki a 1957, aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, sa'an nan matatar mai a 1980. A wancan zamani jiniyar masaƙa ce agogon leburori. Wanda ke da saƙo zuwa gida kuwa, sai ya rubuta wasiƙa ya kai gidan waya, ko ya ba direban mota sallahu, ko kuma in abin na gaggawa ne ya buga tangaraho.

Wayar tarho a lokacin ta ofisoshi ce da gidajen manya. A shekarar 1960 da ƙasar nan ta sami mulkin kai, layukan tarho da ke cikinta duka ba su kai dubu 19 ba. An gina tashar tauraron ɗan'adam a Lanlate, can ƙasar Yarabawa, daga bisani aka gina wata a Kujama, wadda a yau ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, domin kiran ƙasashen waje. A 1985 aka haɗa sashen tarho na ma'aikatar gidan waya da kamfanin NET aka kafa NITEL. Amma duk da haka, har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan 100.

Sauyi ya zo ne a watan Janairu na 2001, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dalar Amurka miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka soma aiki. Layi ya yi tsadar da sai mai hali, kiran minti ɗaya kuma Naira 50 ne, ko da kalma biyu kurum mutum ya faɗi ya kashe. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sa'an nan farashi ya soma sauka. Wannan lokaci ya zo daidai da durƙushewar masaƙu, domin an rufe Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe a 2007. Matasa da dama da iyayensu suka rasa aiki sun sami abin yi a ƙarƙashin laima, suna sayar da katin waya, suna buga wa mutane waya a biya su, daga baya suka koma gyaran waya da cajinta.

YADDA SAƘO KE TAFIYA

Mutane da yawa na zaton saƙon waya ta sama yake bi tun daga farko har ƙarshe. Gaskiyar magana ita ce, tafiyarsa a iska gajeriya ce ƙwarai. Wayar da ke hannun mutum ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓa, aikinta shi ne ta isar da saƙo ga ƙarfen sabis mafi kusa. Daga gindin ƙarfen, saƙon kan shiga wata waya da aka binne a ƙasa, wadda a cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske ne kuwa ke gudana a ciki ɗauke da saƙon. Inda ba a binne irin wannan waya ba, sai a yi amfani da faifan da ke maƙale a jikin ƙarfen, ya harba saƙon zuwa wani ƙarfe na gaba, har ya isa cibiyar kamfani.

Idan kira ne, cibiyar ce ke neman inda mai lambar yake ta haɗa su. Idan kuwa saƙon intanet ne, irin na WhatsApp ko Facebook, to, sau da yawa sai ya gangara Legas, ya bi manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa Turai, kamar su SAT-3, da MainOne da Glo-1 da suka soma aiki a 2010, da WACS ta 2012. Ke nan saƙon da mai shago a Kakuri ya aika wa maƙwabcinsa na iya zagawa ƙasar waje ya komo kafin ƙiftawar ido. Kowane ƙarfe kuma yana bukatar wuta dare da rana, shi ya sa za a tarar da janareta da batura a gindinsa. In man dizil ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, ko motar aikin hanya ta tsinke wayar da ke binne, unguwa sukutum sai ta wayi gari ba sabis.

WATA BIYU BA SABIS

Shekarar 2021 ta yi wa Ƙaramar Hukumar Chikun tsanani. Ran 20 ga Afrilu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, suka kashe biyar daga cikinsu. Ran 5 ga Yuli suka auka wa makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia, suka tafi da yara fiye da 100. Da waya suke neman kuɗin fansa, da ita kuma masu kai musu rahoto ke sanar da su motsin jami'an tsaro.

Saboda haka, bayan da aka katse sadarwa a Jihar Zamfara a farkon Satumba, Kwamishinan Tsaron Cikin Gida na Jihar Kaduna a lokacin, Samuel Aruwan, ya ba da sanarwar cewa daga ran 30 ga Satumba za a rufe sabis a wasu sassan jihar, tare da hana hawa babur har wata uku. Dalilin gwamnati a fili yake, watau a raba maharan da masu taimaka musu. To, amma ƙarfen sabis ba ya tantance mugu da nagari, in an kashe shi duk wanda ke ƙarƙashinsa ya shiga duhu. Mutanen ƙauyuka da na bayan gari sai da suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa inda ake da sabis, don su kira 'yan'uwa ko su duba ko kuɗi sun shigo. Wanda haihuwa ta zo wa matarsa da dare, ko wanda ya hangi mahara tafe, ba shi da hanyar neman agaji. Sai ran 26 ga Nuwamba gwamnati ta ba da sanarwar maido da sabis. Wata huɗu bayan haka, ran 28 ga Maris 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, abin da ya nuna cewa matsalar tsaron tana nan da sauranta.

SA'AD DA KUƊI SUKA KOMA CIKIN WAYA

Jarrabawa ta biyu ta zo ne a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200, da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, mai tumatir da mai nama da direban keke duk suka koma karɓar taransifa ala tilas. Da jama'a suka yi wa hanyoyin bankuna yawa, sai saƙonni suka riƙa maƙalewa. A cire kuɗi daga asusun mai saye, mai kaya kuwa bai ga alat ba, rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara suna hulɗa. Masu na'urar POS suka tsauwala kuɗin cirewa. Jihar Kaduna na cikin jihohi uku na farko, tare da Kogi da Zamfara, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Shekara guda bayan haka, ran 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, harkar wasu bankuna ta tsaya cik. Mazaunin Narayi da bai taɓa ganin teku ba ya kasa biyan kuɗin cefane saboda abin da ya auku a ƙarƙashinsa.

ABIN DA YA RAGE A YI

Hukuma ta ɗauki wasu matakai. A 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe wa kamfanoni kuɗin da akan biya kafin a haƙa gefen hanya a binne waya, domin su faɗaɗa aikinsu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar NCC ta yarje wa kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bisa alkawarin za su kyautata aiki. Tun da jama'a na biyan wannan ƙari, haƙƙinsu ne su nemi cika alkawari, hukumar kuwa ta tanadi lamba 622 kyauta domin wanda ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba.

Har ila yau ya wajaba 'yan kwangilar hanya su tuntuɓi kamfanonin sadarwa kafin su sa katafila a ƙasa, masu unguwanni kuma su sa ido a kan ƙarafan da ke yankinsu kamar yadda suke tsaron taransifomar wuta. Magidanci kuma kada ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya. Ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, ya ajiye 'yar tsabar kuɗi a gida saboda lalura, ya rubuta lambobin 'yan'uwa da na asibiti a takarda, kada kuma ya faɗa wa kowa lambar sirrin asusunsa ta waya, ko da mai kiran ya ce daga banki yake.