Matsanancin Borin Jini Sakamakon Fashewar Ƙullutun Haidatid

Gabatarwa

Cutar haidatid na samuwa ne daga wata ƙaramar tsila mai suna Echinococcus granulosus, wadda ke rayuwa a hanjin kare. Ƙwayayenta na fita ta kashinsa, su gurɓata ciyawa da ruwa da abinci. Idan mutum ko tunkiya ko raƙumi ya haɗiye su, sai su zama ƙullutu mai cike da ruwa, galibi a hanta, sai kuma huhu. Cutar ta yi katutu a yankunan makiyaya irin su Turkana ta Kenya da Sudan da Arewacin Afirka, musamman inda ake jefa wa karnuka kayan cikin dabbobi a mayanka.

Yadda Borin ke Aukuwa

Ƙullutun kan yi shekaru yana girma ba tare da wata alama ba. A tsawon wannan lokaci, garkuwar jiki kan tanadi sinadarin IgE domin yaƙar abin da ke tsatsafowa daga cikinsa. Da zarar ya fashe, ko ta hanyar faɗuwa, ko bugu a ciki, ko yayin tiyata, ruwan kan kwarara cikin jiki gaba ɗaya. Nan take ƙwayoyin garkuwa su saki histamin: jijiyoyin jini su buɗe, ƙarfin gudun jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Wannan shi ne anafilaksis, kuma yana iya kisa cikin mintuna. Haɗarin ya fi ɓuya a ɗakin tiyata, domin majinyacin da aka sa barci ba zai koka da ƙaiƙayi ba, fatarsa kuma tana lulluɓe.

Magani da Kariya

Maganin farko shi ne allurar adrenalin, miligiram 0.5 a tsokar cinya ga baligi, tare da iskar oksijin da ƙarin ruwa. Tsoron borin ya daɗe yana hana likitoci huda ƙullutun da allura. Sai dai nazarin Neumayr da abokan aikinsa na 2011 kan huda 5,943 ya nuna mutum 2 kacal borin ya kashe.

Kammalawa

Ke nan hudar da aka shirya mata, da hoton sikanin da maganin albendazol da adrenalin a kusa, haɗarinta kaɗan ne. Abin tsoro shi ne ƙullutun da ba a san da zamansa ba. Don haka duk wanda ya fito daga yankin makiyaya ya yanke jiki ya faɗi bayan bugu a ciki, wajibi ne likita ya kawo haidatid cikin lissafi.