Daga Zauren Malamai Zuwa Bakin Kogi: Yadda Tarukan Masana Shari'a Ke Zama Doka

A watan Agusta na 1966 wasu lauyoyi da malaman jami'a da alƙalai suka hallara a Helsinki, babban birnin Finland, domin taro na 52 na Ƙungiyar Masana Dokokin Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ILA. Ba da sunan gwamnatoci suka zauna ba, kuma babu talakan da ya zaɓe su. Suka tashi da wata takarda mai sashe 37 a kan yadda ya kamata ƙasashe su yi amfani da kogin da suka yi tarayya a kansa. Ba wanda takardar ta ɗaure. Ƙasar da ta ga dama tana iya watsi da ita, kuma ba kotun da za ta kira ta.

Bayan shekara 24, a watan Yuli na 1990, Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da ke ratsa iyakarsu: Maggiya, da Gulbin Maraɗi wanda ake kira Gada a ɓangaren Katsina, da Tagwai, da ƙasan Komadugu Yobe. Ginshiƙin yarjejeniyar shi ne kowace ƙasa tana da haƙƙin rabo na adalci a cikin iyakarta. Wanda ya ajiye ta kusa da takardar Helsinki zai ga kusan magana ɗaya ce. Mai noman rani a Madarumfa da masunci a Gashuwa ba lalle su taɓa jin sunan Helsinki ba, amma ƙa'idar da gwamnatocinsu za su kafa hujja da ita idan ruwa ya yi gardama, a can aka fara tsara ta.

Haka irin waɗannan taruka suke aiki, kuma shi ya sa bai kamata a raina su ba, ko da yake daga waje ba su da ban sha'awa. Mutane ne sanye da kwat, a zauren otal ko na jami'a, ɗaya na karanta maƙala ta minti ashirin, sauran na jiran lokacin shayi. Sai a shafe sa'a guda ana ja-in-ja a kan ko za a rubuta "wajibi ne" ko "ya kamata". Amma a dokar ƙasa da ƙasa babu majalisar dokoki irin ta Abuja da za ta zauna ta yi doka a kan kowa. Doka tana fitowa ne daga yarjejeniyoyin da ƙasashe suka amince da su, da kuma al'adar da suka daɗe suna bi suna ganin wajibi ce. To wa zai tantance cewa al'ada ta kai matsayin doka? A nan malamai ke shigowa. Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya da ke birnin Hague ya ba alƙalai damar duba rubuce-rubucen manyan masana a matsayin abin taimako wajen gano mene ne doka. Matsayin sanarwar irin wannan taro ya yi kama da na fatawa: ba hukuncin alƙali ba ce, amma alƙali na waiwayarta, kuma idan malamai da yawa suka haɗu a kanta, da wuya ya tsallake ta ba tare da ya kawo dalili ba.

Ita ILA tsohuwa ce. A Brussels aka kafa ta a 1873, hedikwatarta tana Landan, tana da rassa a ƙasashe da dama, har da Najeriya, kuma tana babban taro duk shekara biyu. Ainihin aikin ba a babban taron ake yinsa ba. Kwamitoci ne ke yi, a hankali, shekara da shekaru. Kwamitin koguna an kafa shi a 1954, bai kawo kammalallen aikinsa ba sai 1966.

Kafin wannan lokaci, ƙasashen da kogi ya taso daga cikinsu suna da wata hujja mai daɗi a bakinsu. A 1895, da Meziko ta yi ƙorafin cewa manoman Amurka na janye ruwan kogin Rio Grande, babban lauyan gwamnatin Amurka, Judson Harmon, ya ba da ra'ayin cewa ruwan da ke cikin ƙasarsu nasu ne, su yi yadda suka ga dama da shi. Su kuwa ƙasashen da ke ƙasan kogi cewa suke kada a taɓa musu ko ɗigo. Ƙa'idojin Helsinki suka ƙi bin kowane ɓangare. Suka ce a ɗauki kogi da rassansa a matsayin abu ɗaya, sannan a auna: yawan mutanen da suka dogara da shi, yanayin ƙasa da damina, amfanin da ake yi da shi tun da, ko akwai wata hanyar samun ruwa, da kuma guje wa almubazzaranci.

Daga nan maganar ta kama hanya. A 1970 Finland ta kai batun Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, aka miƙa shi ga hukumar majalisar mai tsara dokoki, ita ma ta yi fiye da shekara ashirin a kansa. A 21 ga Mayu 1997 aka amince da yarjejeniyar koguna ta duniya da ƙuri'a 103. Ƙasashe uku suka ƙi: Sin, Turkiyya da Burundi, dukkansu masu riƙe da saman manyan koguna. Sai a 2014 ta fara aiki, bayan ƙasa ta 35 ta amince. Najeriya da Nijar da Chadi duk suna cikinta. Daga zauren Helsinki zuwa doka mai ɗaure ƙasa, shekara 48 ke nan. Mai gaggawa ba zai iya wannan sana'a ba.

A tsakanin waɗannan shekaru sai wani sabon tunani ya shigo. Taron Stockholm na 1972 ya sa batun muhalli a gaban gwamnatoci. Rahoton hukumar da Gro Harlem Brundtland ta Norway ta jagoranta ya fito a 1987 da ma'anar ci gaba mai ɗorewa: a biya bukatun mutanen yau ba tare da an tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. Taron Rio na 1992 ya fitar da ƙa'idoji 27. Duk wannan magana ce ta siyasa, mai daɗin ji a bakin shugabanni. Tambayar da ta dami lauyoyi daban ce: shin za a iya kai ƙasa ƙara da wannan magana?

Amsar farko ta zo a watan Satumba na 1997, a shari'ar Hungary da Slovakia kan madatsun ruwa a kogin Danube. Tun 1977 aka ƙulla yarjejeniyar ginin. A 1989 Hungary ta dakatar da nata ɓangaren saboda tsoron lalacewar muhalli, ɗaya ɓangaren kuma ya karkatar da kogin shi kaɗai. Kotun Duniya ta ce duka biyun sun yi kuskure, ta ambaci ci gaba mai ɗorewa a matsayin hanyar daidaita tattalin arziki da kare muhalli, ta kuma kafa hujja da yarjejeniyar koguna wadda a lokacin wata huɗu kacal ke nan da amincewa da ita.

Abin da aka fi tunawa da shi a wannan shari'a, duk da haka, ra'ayin mataimakin shugaban kotun ne, Christopher Weeramantry na Sri Lanka. A rubutunsa na daban ya ce ci gaba mai ɗorewa ya wuce tunani kawai, ƙa'ida ce ta shari'a, kuma ba Turai ce ta ƙirƙiro ta ba. Ya kawo tsoffin tafkunan ban ruwa na ƙasarsa, da yadda al'ummun Sonjo da Chagga na Tanzaniya ke tsara rabon ruwa, da magudanan ƙarƙashin ƙasa na Iran. Ya kuma kawo shari'ar Musulunci, inda ƙasa mallakin Allah ce, ɗan Adam kuwa amana aka ba shi. Wannan rubutu ya zama abincin taruka na shekaru. Ya buɗe wa malamai daga Afirka da Asiya ƙofar kawo nasu gadon teburin, maimakon su zauna suna sauraro kawai.

A watan Afrilu na 2002, a taronta na 70 a New Delhi, ILA ta tattara abin da ya watsu wuri ɗaya. Kwamitin da Kamal Hossain na Bangladesh ya shugabanta, Nico Schrijver na Holand kuma ya riƙe masa alƙalami, ya fitar da ƙa'idoji bakwai na dokar ci gaba mai ɗorewa. A cikinsu akwai wajibcin amfani da albarkatun ƙasa ta hanyar da ba za su ƙare ba, da kawar da talauci, da haƙƙin jama'a na samun bayani da kai ƙara, da taka-tsantsan: idan ana tsoron babbar ɓarna, rashin cikakkiyar hujjar kimiyya ba dalili ba ne na naɗe hannu. Wadda ta fi jawo zafi ita ce cewa nauyin gyara duniya na kan kowa, amma ba daidai wa daida ba, domin wanda ya fi ɓata ta kuma ya fi ƙarfi shi ya kamata ya fi ɗauka. Gwamnatocin Bangladesh da Holand suka miƙa sanarwar ga Majalisar Ɗinkin Duniya a daidai lokacin taron ci gaba mai ɗorewa da aka yi a Johannesburg a wannan shekarar, ta shiga cikin takardun majalisar.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. "Rabo na adalci" magana ce da kowa ke ja ɓangarensa. A rikicin babbar madatsar Habasha a kan kogin Nilu, Addis Ababa na cewa adalci ya ba ta damar samar wa mutanenta lantarki, Alƙahira kuma na cewa ƙa'idar hana cutar da maƙwabci ce gaba, tana kuma riƙe da yarjejeniyoyin 1929 da 1959. Duka biyun daga littafi ɗaya suke karantowa, kuma duka biyun sun ƙaurace wa ƙuri'ar 1997. Ko a gida, Hukumar Kogin Kwara ta samu kundin ruwa a Yamai a 2008, Hukumar Tafkin Chadi ta samu nata a Njamena a 2012, dukkansu cike da kalmomin da aka ƙera a waɗancan taruka. Amma kundi ba ya buɗe ƙofar dam. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun san abin da madatsun Tiga da Challawa suka canza a rayuwarsu, sun san kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ba maƙala ce za ta cire ta ba.

Akwai kuma batun su wa ke zama a zauren. Mafi yawan manyan tarukan a Turai da Amurka da manyan biranen Asiya ake yinsu. ILA ta zo Alƙahira a 1992 da Johannesburg a 2016, amma irin wannan zuwa ba kasafai ba ne. Malamin shari'a daga Kano ko Maiduguri ko Damagaram sai ya nemi kuɗin jirgi da na masauki da na rajista, sannan ya yi layin biza wanda ba tabbas. Sakamakon shi ne a tattauna hamada da ƙafewar tafki da rikicin manoma da makiyaya, alhali waɗanda suka fi sanin abin ba sa wurin. Wannan gibi ne na gaske, domin Afirka ba baƙuwa ba ce a fagen. Sashe na 24 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Afirka na 1981 ya amince da haƙƙin al'umma ga muhalli mai kyau tun kafin sauran yankunan duniya su rubuta haka a yarjejeniya mai ɗaurewa, kuma da shi hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta samu gwamnatin Najeriya da laifi a 2001 kan gurɓatar ƙasar Ogoni.

Misali na baya-bayan nan ya nuna cewa ba sai babban zaure ba. A 2019 wasu ɗaliban shari'a 27 a Jami'ar Kudancin Pacific, a harabarta da ke Vanuatu, suka tattauna a aji yadda za a kai batun sauyin yanayi gaban Kotun Duniya. Suka rubuta wa shugabannin yankinsu. Gwamnatin Vanuatu, tsibiran da mutanensu ba su fi dubu ɗari uku da 'yan kai ba, ta ɗauki maganar. A 29 ga Maris 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince ba tare da ƙuri'a ba a nemi ra'ayin kotun. A watan Disamba na 2024 ƙasashe 96 da ƙungiyoyi 11, har da Tarayyar Afirka, suka yi bayani a Hague, zaman da kotun ba ta taɓa ganin irinsa ba wajen yawa. A 23 ga Yuli 2025 alƙalan suka yi magana da murya ɗaya: kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, ƙasar da ta yi sakaci tana iya zama mai laifi a dokar ƙasa da ƙasa, kuma wadda aka cutar tana iya neman diyya idan ta tabbatar da alaƙar ɓarnar da sakacin. Da yawa daga hujjojin da lauyoyi suka tsaya a kansu, kamar adalci tsakanin zuriya da bambancin nauyi tsakanin ƙasashe, an daɗe ana gogayya a kansu a taruka tun daga Rio har New Delhi.

Shi ma wannan ra'ayi ne na shawara, ba hukuncin da za a aika ɗan sanda ya zartar ba. Amma lauyoyi za su shiga da shi kotunan ƙasashensu, masu tattaunawa kuma za su ajiye shi a kan teburi duk lokacin da aka zo maganar kuɗin asara da ɓarna. Tsangayoyin shari'a na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna zaune ne a yankin da sauyin yanayi da rabon ruwa suka fi matsa wa. Ya kamata su riƙa shirya nasu tarukan a kan Komadugu Yobe da Tafkin Chadi da madatsar Kandaji, su gayyaci sarakunan ruwa da shugabannin manoma da makiyaya su zauna tare da lauyoyi, su buga abin da aka cim ma, sannan gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin tura malamansu inda ake rubuta ƙa'idojin.