Ko Kun Sani? Muhawarar Ƙwayar Zarra Ta Iso Har Sifawa

Tun fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Lukifas da almajirinsa Dimokuradis, mutumin garin Abdera a ƙasar Girka, suka ce in mutum ya yi ta dandaƙa dutse, dole ya kai ga ƙwayar da ba ta ƙara rabuwa, wato zarra. Babu na'urar da ta nuna musu haka, tunani ne kawai, kuma wannan ya cancanci jinjina. A ganinsu ƙwayoyin ba su da farko, yawo suke a sarari suna karo suna haɗuwa. Aristotal ya ƙi yarda, maganarsa kuma ta yi rinjaye ɗaruruwan shekaru.

Malaman tauhidi na Ash'ariyya, irin su Baƙillani na Bagadaza (ya rasu a 1013), sun yarda da ƙwayar, suna kiranta jauharul fard, amma suka ce halittacciya ce. Ba ta rabuwa da motsi ko tsayawa, su kuwa fararru ne, saboda haka ita ma fararriya ce mai buƙatar Mahalicci.

Hujjar motsi da tsayawar nan tana cikin Ummul Barahin na malamin tauhidi Sanusi, littafin da almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa. A kan wannan aƙida Shehu Usmanu yake lokacin da ya zauna yana karantarwa a Sifawa, wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga. Ƙasa da shekara goma kafin nan, a 1808, masanin kimiyya Jon Dalton ya fitar da littafinsa a Ingila, inda ya ɗora batun zarra a kan awon nauyi.