Ko Ka Sani? Abin da Ya Sa Sanda Ba Ta Raba Kare da Tabarma

Ko ka san cewa karen da aka tarar kwance a kan tabarmar maigida, aka daka masa tsawa, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu yana kallon ƙasa, bai san laifin da ya yi ba? Mu ne muke karanta nadama a fuskarsa. A shekarar 2009 wata masaniyar halayyar dabbobi a kwalejin Barnard ta Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare zai ajiye abin ci, ya hana karensa taɓawa, ya fita. Wani lokaci karen ya ci, wani lokaci a ɗauke abin tun bai ci ba, sannan a gaya wa mai shi gaskiya ko a yi masa ƙarya. Sakamakon ya nuna cewa sunkuyar da kan nan ba ruwansa da ci ko rashin ci, faɗan mai shi yake bi. Karnukan da ba su taɓa komai ba aka yi musu faɗa a banza, su suka fi nuna kamannin mai laifi. Ke nan abin da muke kira kunya lallashi ne kawai, na dabbar da ta ga ran mutum ya ɓaci tana neman ta tsira.

Wannan magana ta fi shafar gari irin Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere a gefen Maiduguri, fiye da yadda ta shafi Baturen da ke jin haushin gashin kare a kujerar falonsa. A nan, inda Barebari da Shuwa da Hausawa ke noman shinkafa a fadamar da kogin Ngadda ke malala, ba don shafa kai ake ajiye kare ba. Gona yake tsaro, ko garke, ko ya bi maharbi daji, ko ya kwana yana gadin gida. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya taƙaita ajiye kare ga irin waɗannan buƙatu na gona da dabbobi da farauta. Masu sharhinsa sun kawo cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik kuwa ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, zaki ma zai ajiye. Mutumin Jere, bayan rashin tsaron da ya gani tun 2009, ba sai an yi masa dogon bayani ba. To amma kare a gida yana zuwa da iyaka mai tsauri: ban da sallaya, ban da tabarmar cin abinci, ban da katifar da aka fitar tsakar gida saboda zafi, ban da sa baki a randa ko buta. Malikawa suna ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai ibada ce. Shafi'awa sun tsananta fiye da haka. Fatawa ta malamai ce. Abin da ke gabanmu shi ne kowa ya yarda da iyakar, amma hanyar da aka saba bi a tsayar da ita, wato jifa da sanda, ba ta tsayar da ita.

Kafin a yi maganar horo, ya kamata a tambayi abin da ke kai kare kan shimfiɗar mutane tun farko. Ba raini ba ne. Zafin jikin kare yana tsakanin 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya gumi a fata kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Dubi shi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura 40: zai je gindin randa inda ruwa ke tsattsafowa, ya tone yashin sama da ƙafafun gaba har ya kai ga mai danshi, ya juya sau biyu, ya manna cikinsa a ramin, harshe a waje. Inuwar da ta fi kowace sanyi a gidan kuwa, nan aka shimfiɗa wa maigida tabarma. Da hunturu, idan dare ya yi sanyi ya sauko ƙasa da 15, lissafin sai ya juye: yana neman abin da zai raba haƙarƙarinsa da ƙasa, ko tokar murhu ko katifa. Sai kuma hanci. Mutum yana da ƙwayoyin jin ƙamshi wajen miliyan 6, kare yana da sama da miliyan 100, wasu jinsunan har kusan miliyan 300. Tabarmar da kake gani fes, a wurinsa cike take da labarin miyar jiya da ƙamshin mutumin da ya fi shaƙuwa da shi. Dabbar da ke barcin awa 12 zuwa 14 a kullum dole ta sami wurin kwanciya, in ba a zaɓa mata ba za ta zaɓa da kanta.

Yadda kare ke koyo kuma abu ne da aka daɗe da sani. Tun a 1898 Edward Thorndike ya nuna, da kyanwoyin da ya rufe a akwatuna, cewa dabba tana maimaita aikin da daɗi ya biyo bayansa, tana barin wanda bai haifar da komai ba. Sharaɗin shi ne sakamakon ya zo manne da aikin, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Yanzu a auna sanda da wannan ma'auni. Kare ya hau tabarma da hantsi, ya sami sanyi da laushi nan take, ya yi barcin awa biyu. Ladan hawa ya riga ya karɓa. Maigida ya dawo, ya ɗauki sanda. Me ya faru daƙiƙa biyu kafin dukan? Shigowar maigida. Don haka darasin da ya shiga kansa shi ne tabarma da maigida a wuri ɗaya hatsari ne, tabarma ita kaɗai kuwa lafiya lau. Shi ya sa ake samun karen da yana jin ƙarar babur a ƙofar gida zai zame ya koma bayan rumbu, a zo a tarar da gashi da ɗumin jikinsa a shimfiɗa, a ce munafuki ne. Ba munafunci ya yi ba, abin da aka koya masa ya haddace. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, kuma duk ilimin horon yana cikin wannan: lokacin magana shi ne lokacin shinshina, sa'ad da ya nufi tabarmar bai kai ga sa ƙafa ba.

Abin da ya fi sauƙin koya wa kare shi ne inda zai je, domin "kar ka hau" ba aiki ba ne da zai iya yi da ƙafafunsa. A samo tsohon buhun shinkafa ko ragowar tabarma, a ajiye a wurin da shi ma zai so: gindin darbejiya ko gefen zaure, inda zai riƙa hango masu shiga da fita. Da bazara a yayyafa wa yashin wurin ruwa, da hunturu a matsar da shi lungun da iska ba ta bugawa a ƙara tsumma. Sai a zaɓi kalma ɗaya, a ce "Wurinka!", kar a canza ta. Kafin a ba shi abincin yamma, yana jin yunwa, a dunƙule ɗan ƙanzo a hannu, a kai kusa da hancinsa, a ja shi a hankali har ƙafafunsa huɗu su hau buhun, a saki ƙanzon tsakanin ƙafafunsa na gaba a daidai wannan lokacin. A maimaita na 'yan mintoci a bari. Bayan kwanaki, hannu wofi da nuni sun isa, ladan ya biyo baya. Daga nan a riƙa jinkirta ladan har sai ya kwanta, sannan har sai ya jima a kwance, sannan a gwada daga nesa. Jarrabawa ta ƙarshe ita ce lokacin da aka ajiye kwanon tuwo a tabarma yara suka zagaye shi. Akwai tarko ɗaya da mai horo ke faɗawa: idan kullum sai kare ya hau tabarma, an ce ya sauka, sannan a ba shi lada, mai wayo zai gane cewa hawa ne ke buɗe ƙofar ƙanzo. Mafi yawan ladan ya kamata ya same shi ne lokacin da aka wuce aka gan shi kwance a buhunsa ba wanda ya ce masa komai.

Wahalar ba a wurin karen take ba, a wurin mutanen gida take. B. F. Skinner da abokan aikinsa sun nuna cewa halin da ake sakawa wani lokaci a hana wani lokaci ya fi wuyar kankarewa a kan wanda ake sakawa kullum. Gida mai mutum goma sha biyar, maigida ya hana, uwargida ta kawar da kai, ƙaramin yaro ya jawo kwikwiyo kan katifa da dare don yana jin ɗuminsa, wannan gida yana horar da karensa ne ya yi ta gwada sa'a. Dokar sai ta zama ta kowa, da kalma iri ɗaya. A makonnin farko kuma, idan ba kowa a tsakar gida, a naɗe tabarma a jingine, a ja ƙyauren ɗaki, don kar ya sami ladan hawa a ɓoye.

Wani zai ce kakanninmu da sanda suka yi, kuma karnukansu ba su hawa shimfiɗa. Akwai gaskiya a ciki: duka yana dakatar da kare a lokacin, kuma karen da ya sha jifa yakan nisanci tsakar gida gaba ɗaya. Amma a dubi kuɗin da ake biya. A wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Pensilbaniya suka wallafa a 2009, kashi 43 cikin 100 na karnukan da masu su suka ce sun doka ko sun shura sun mayar da martani da gurnani ko yunƙurin cizo. Karnuka ne waɗanda dama aka kai asibiti don matsalar hali, saboda haka adadin ba na kowane kare ba ne, amma inda ya dosa a fili yake. Karen da ya koyi cewa hannun mutum ciwo yake kawowa ba maigida kaɗai zai ciza ba, har da yaron da ya miƙo hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masu cewa lallashi zai kashe wa kare zuciyar gadi kuwa sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Haushin baƙo da dare daga tsaron yanki yake fitowa, kuma karen da ke kwana a bakin zaure ya fi wanda tsoro ya kora bayan gida amfani.

Wani kuma zai ce wannan sanabe ne na Turawa, ana fama da abin da mutum zai ci wa zai tsaya bai wa kare tukuici. Ba a ce a ƙara masa ko loma ɗaya ba. Daga cikin abin da dama za a zuba masa ake ɗiba, a ba shi da hannu a kan aiki maimakon a juye a ƙasa. (Sai dai a kiyaye albasa da goro, dukansu suna cutar da kare, haka ƙashin kaza dafaffe.) Batun baƙunta kuwa, Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka koya wa aiki ta kamo, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin karen da za a kira horarre: idan an tura shi ya tafi, idan an tsawatar ya tsaya, wasu suka ƙara da cewa kar ya ci abin da ya kama. Kare da zomo a baki, jini na zuba, ya haƙura ya jira maharbi, wannan ya fi barin tabarma wuya nesa ba kusa ba, kuma mafarautan Borno sun san hanyarsa ba tare da sun karanta Skinner ba. Wannan ya isa amsa ga mai cewa sai karen Turawa irin na 'yan sanda ke ɗaukar horo. In ana son ƙari, wasu masu bincike sun gwada karnukan titi a garuruwan Indiya, suka wallafa a 2020 cewa cikin waɗanda suka yarda suka matso, wajen kashi 80 cikin 100 sun bi nunin yatsan baƙo zuwa kwanon da ya nuna, alhali ba wanda ya taɓa koya musu komai. Kwikwiyo ya fi saurin ɗauka, musamman tsakanin mako 3 da 12 da haihuwa, lokacin da yake sabawa da duniya, amma babba ma yana koyo, tsohon hali ne kawai ke sa a daɗe.

Ɗaurewa da sarƙa dare da rana tana hana hawa tabarma, gaskiya ne, kamar yadda take hana gadi, kuma takan sa kare ya zama mai zafin rai. Ɗauri na ɗan lokaci kusa da buhunsa, sa'ad da baƙi suka zo ko ana cin abinci, ba laifi, yana ma taimaka wa horon. Buhun kansa yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: kaska da ƙuma da ƙwayayensu sukan taru inda kare ya fi kwanciya, don haka wuri ɗaya da za a kaɗe, a wanke, a shanya a rana duk mako ya fi sauƙin tsabtacewa a kan shimfiɗu biyar. Allurar rigakafin hauka, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke sarrafawa, a tambaye ta a wurin likitocin dabbobi, har da na asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri. Idan kuma karen da ya saba da wurinsa ya wayi gari ya ƙi kwanciya a can, a duba wurin kafin a duba sanda: sau da yawa inuwa ce ta kauce da juyawar shekara, ko damina ta jiƙa buhun, ko cinnaka sun yi gida a ƙarƙashinsa.